Murar da ke zuwa tare da bununin hatsi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan wata lalura da ta daɗe tana wahalar da mutane a nan Damagaram ba tare da an kira ta da sunanta ba. Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne jiya na je gona na tarar hatsi ya yi ciki, wani ma ya fara leƙo da kai. Nan da kwana goma ko sha biyar zai yi bununi, kuma daga ranar akwai gidaje da yawa, gari da ƙauye, da za a riƙa tashi da atishawa ana kwana da ita har sai an kai dammuna rumbu.

Ni malamin makaranta ne, shekara 24 ke nan ina koyar da ilimin halittu a kwaleji. Amma kafin in zama mai koyarwa ni mai ciwon ne, kuma a matsayin mai ciwon nake son a saurare ni.

Gonar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tana kan hanyar Mirya. Ina ɗan shekara 11 abin ya fara mini. Mun shiga gona da hantsi, raɓa ta soma bushewa, hatsin ya fi ni tsayi nesa ba kusa ba. Baba yana gaba yana ture kara da hannu, ni ina biye da gorar ruwa, duk karan da ya saki sai ya kaɗa, wani gari rawaya-rawaya ya zubo mini a ka da kafaɗa. Ƙudan zuma suna ta kuka a kan zangarniya. Ban yi taku hamsin ba hancina ya fara ƙaiƙayi daga can ciki, inda yatsa ba ya kaiwa. Sai atishawa, wata na bin wata, har ban samu sararin cewa alhamdu lillahi a tsakaninsu ba. Ruwa fari tas kamar na randa ya riƙa zuba daga hancina, idona ya yi jawur, ganɗata tana ƙaiƙayi ina goga ta da harshe, har cikin kunne nake jin abin. Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Kai dai duk ranar da aka ce gona, sai mura ta kama ka."

Maganar nan ta fi atishawar yi mini ciwo, kuma har yau tana nan a raina. Ba mugun mutum ba ne. Ƴaƴansa bakwai ya shiga gonar nan da su, shida ba abin da ya same su, to yaya zai yi ya gane cewa na bakwai ɗin ba ragwanci yake yi ba? Inna kuwa ta tashi tsaye. Ta cika mini kunu da citta da kanumfari da masoro, ta hana ni ruwan randa, ta shafe mini ƙirji da man zafi. Kakata ta ce sanyin marka ne ya shige ni. An karɓo rubutu na sha. Da aka yi girbi abin ya lafa, kowa ya ce maganinsa ne ya ci. Da damina ta zagayo, hatsi ya sake bununi, murar ta dawo a kan lokacinta kamar an aika mata goron gayyata.

Haka na yi ta fama har na kusa shekara 30. Sai da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a kudu, wajen Magarya, na gamu da wani dattijon majo, wato babban ma'aikacin jinya, a ƙaramin asibitin garin. Na je ne in roƙi a yi mini allura. Bai ko taɓa akwatin allurar ba, tambayoyi ya yi mini. "Jikinka yana zafi?" Na ce a'a. "Majinar wace iri ce?" Na ce ruwa ce fara. "A wane wata take zuwa?" Na ce ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, kowace shekara. "Akwai wanda ya taɓa ɗauka a wurinka a gida?" Na yi shiru ina tunani, domin tun da nake ba a taɓa yi ba. Sai ya ce, "Mushe, wannan ba murar ɗauka ba ce. Jikinka ne ba ya shiri da bununi. Alerji ake ce mata, ƴar uwar borin jini ce." A minti biyar bawan Allahn nan ya warware mini abin da na ɗauka a ka kusan shekara 20. Daga ranar na shiga karatu a kan abin, kuma ga abin da nake so masu karatu su sani.

Manomi ba ya buƙatar a gaya masa mene ne bununi. Ya san in hatsi ya fidda kai, wani farin gashi mai laushi ne ke fara bayyana a jikin zangarniya, bayan kwana biyu ko uku sai ƴan mitsi-mitsin abubuwa su rataya suna zubar da gari. Ya kuma san in ruwa mai ƙarfi ya yi ta dukan gona a kwanakin nan ya wanke garin, zangarniya kan fito da giɓi, ido bai cika ba. Garin nan shi ne namijin tsiro, farin gashin kuma macen, sai sun haɗu ƙwaya take samuwa. Masu dabino sun fi kowa sanin haka, tun da su da hannunsu suke yanko furen namiji su ɗaura a cikin na mace. Ba don bununi ba, da ba tuwo ba fura. Don haka kada wani ya ɗauka ina zagin abin da muke ci ne.

Tsirrai sun kasu biyu wajen aika garin nan daga fure zuwa fure. Masu fure mai launi da ƙamshi, ƙwari suke yi musu dako: ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da ire-irensu. Garinsu yana da nauyi da danƙo, yana manne wa ƙwaro, kaɗan ne yake tashi sama. Dangin ciyawa kuwa iska suka dogara da ita, kuma da yake iska ba ta san adireshi ba, dole su zubar da gari mai yawan gaske, busasshe, mara nauyi, don ko ɗaya cikin dubbai ya dace da inda ake so. Kan masara guda yana sakin miliyoyin ƙwayoyi. Na ciyawa ƙanana ne ainun, sai ka jera wajen 30 kafin su cika milimita 1, shi ya sa ido ba ya ganinsu a iska sai in sun taru a riga. Na masara ya fi girma, yakan faɗi kusa da gona, amma na ƙananan ciyayi iska tana tafiya da shi nesa.

To hatsi da dawa da masara da shinkafa da rake duk dangin ciyawa ne, gida ɗaya suke da ƙarangiya da kyasuwa da gamba da burburwa da kiri-kiri. Sinadaran da ke cikin bununinsu suna kama da juna, saboda haka wanda jikinsa ya ƙi ɗaya sau da yawa yakan ƙi ƴan uwansa. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikacin ofis a Sabon Gari, wanda bai taɓa riƙe hauya ba, shi ma yake fama a watan Satumba. Kangaye da filayen da ba a gina ba, maƙabartu, bakin tafki, harabar lakwal da ta yi wata uku ba kowa, duk sun cika da ciyawa mai fure. Ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, kuma kusan duka cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, don haka ciyayinmu tare suke tsira, tare suke fure cikin gaggawa kafin ƙasa ta bushe. Iskar agazari a cike take da bununi.

Mutane da yawa dogon yaro suke ɗora wa laifi, saboda in ya yi fure da bazara ƙamshinsa yana cika unguwa. Ban ce ba ya damun kowa ba, amma na ga an sare itace mai inuwa a ƙofar gida don wai shi ke sa wa yaro mura, alhali murar yaron ta kaka ce, lokacin da itacen ba ya ko fure. Abin ya ba ni takaici, domin a garin da rana ke dukan duwatsu kamar namu, inuwa ba abin wasa ba ce. Itatuwan da aka tabbatar bununinsu yana tayar da alerji sosai sun haɗa da dabino, da kuma itacen ƙayan nan da aka shigo da shi don tsare hamada, wanda masana ke kira Prosopis. A Indiya da ƙasashen Larabawa likitoci sun daɗe da saninsu. A Indiya ɗin ma, inda ake noman gero da dawa kamar mu, bununinsu yana cikin abubuwan da ake gwada masu wannan mura da su.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin hanci. Allah Ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa, masu gadi da ke tare ƙwayoyin cuta. A wurin mafi yawan mutane, in bununi ya shiga hanci, masu gadin nan ba su ko ɗaga kai, majina ta kwashe shi ta wuce da shi. A wurin wasunmu kuwa, sai su ɗauke shi abokin gaba. Kamar dogarin ƙofar fada ne da aka ba shi kwatancen ɓarawo ba daidai ba, kullum mai tallar nono ta zo wucewa sai ya yi kururuwa ya tara gari. A karon farko da jiki ya yi wannan kuskure, mutum ba ya jin komai. A ɓoye jiki yake ƙera wani sinadari da likitoci ke kira IgE, wanda aka yi shi daidai da siffar bununin nan kamar makulli da kwaɗonsa. Asalin aikin irin wannan sinadari yaƙi da tsutsotsin ciki ne, kuma sai a shekarun 1966 da 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano shi. Yakan je ya zauna a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a fatar cikin hanci da ido da maƙogwaro, sunansu mastosit, kowace ɗaya cike da ƴan ƙunshin wani abu da ake kira histamin.

In damina ta zagayo bununi ya sake shigowa, yana taɓa danshin hanci sai ya jiƙe ya saki abin da ke cikinsa, makulli ya shiga kwaɗo, ƙunshin nan su fashe cikin ƴan mintoci. Histamin yana tsokanar jijiyoyin ji, shi ne ƙaiƙayi da atishawa. Yana buɗe ƙananan hanyoyin jini su kumbura, shi ne toshewar hanci. Yana sa hanci ya yi ta tsiyayar ruwa don ya wanke abin da ya ɗauka guba ne. Bayan wasu sa'o'i kuma sai wata rundunar ƙwayoyin jini ta iso wurin ta ƙara kumburin. Wannan zuwa na biyu shi ne ya daɗe yana rikita ni, domin da safe nake shiga gona amma da tsakar dare hancina ke toshewa ƙam, in kwana baki buɗe, in tashi maƙogwaro a bushe, kai ya yi nauyi. Kuma in aka yi makonni ana haka, hancin yakan zama kamar gyambo, abu kaɗan ke tayar da shi: hayaƙin murhu, turaren wuta, ƙurar shara, har ƙamshin yaji in ana daka. Sai mutum ya ɗauka turaren ne asalin ciwon.

Abin yana bin jini. Ɗiyata ta biyu ta gado shi, kuma da na bincika na tarar wata gwaggona da ake cewa "mai murar kaka" irinsa ne ya dame ta har ta rasu. Amma ba a ɗaukarsa ta numfashi ko ta kwanon sha, don haka babu dalilin ware wa yaro moɗa ko hana shi zama cikin ƴan uwansa.

Ba sabon ciwo ba ne. Abubakar Ar-Razi, babban likitan nan na ƙasar Farisa da ya rasu wajajen shekarar 925, ya yi rubutu kan murar da ke kama wasu mutane duk shekara a lokacin da wardi ke fure. Wanda ya tabbatar da cewa garin fure ne sanadi shi ne Charles Blackley, wani likita a Mancesta ta Ingila wanda shi kansa ciwon yake damunsa. Ya riƙa shaƙar garin furanni iri-iri da gangan, yana karce fatarsa yana shafa shi ya ga ta kumbura. Ya shafa wa ƴan gilasai abu mai danƙo ya ajiye a waje, kullum ya ƙirga abin da ya manne, ya ga ranar da ƙwayoyin suka yi yawa ita ce ranar da ciwonsa ke tsananta. A 1873 ya buga sakamakon. Kalmar alerji kuwa sai a 1906 wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya ƙirƙiro ta.

Shekara uku da suka wuce na gwada dabarar Blackley da ɗalibaina, farkon Oktoba da aka koma lakwal. Muka shafa wa gilashi basilin siriri, muka ɗora a kan katangar da ke fuskantar filin ƙwallo, inda ciyawa ta kai gwiwa. Washegari muka sa shi a madubin likita ɗaya tilo da muke da shi. Cikin ƙura da ɓurɓushin yashi ga su nan, ƴan dunƙule-dunƙule kamar ƙwan kifi, kowane da ɗan rami guda a jikinsa, wanda shi ne alamar bununin dangin ciyawa. Yara suka yi layi suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya da kullum take zama a bayan aji da tsumma a hannu, wadda ƴan ajin suka laƙa wa suna saboda majina, ta daɗe a kan madubin ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ce, "Mushe, ashe wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "To zan gaya wa babana." Ban tambaye ta abin da baban nata yake ce mata ba, na riga na sani.

Malam Edita, babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake shan magani barkatai a kan wannan mura. Lokacinta ya zo daidai da lokacin da masassarar cizon sauro ta fi yawa, saboda haka duk wanda ya ce kansa ya yi nauyi sai a ce masa sauro ne, ya sayi maganin masassara ya haɗiye ba gwaji. In bai ji sauƙi ba sai ya tare mai tallar magani a bakin kasuwa, a ƙirga masa kafso huɗu ko shida na antibiyotik. Antibiyotik ƙwayoyin cuta yake kashewa, a nan kuwa babu ƙwayar cutar da zai kashe. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan, kuma ranar da cutar gaske ta zo maganin zai iya ƙin ci saboda an saba wa ƙwayoyin cuta da shi. Ni kaina kafin in gamu da majon nan, akwai kakar da na kashe fiye da jika goma a kan kafso da allurai, albashina a lokacin bai taka kara ya karya ba.

Bambancewar ba ta da wuya. Murar ɗauka tana zuwa da kasala da ciwon maƙogwaro, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majinarta tana yin kauri bayan kwana biyu ko uku, tana bin ƴan gida ɗaya bayan ɗaya, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta wuce. Ta bununi ba ta da zazzaɓi, ƙaiƙayi ne babbar alamarta, majinarta ruwa ce, tana yin makonni, takan yi sauƙi in an yi ruwan sama ya wanke iska, ta tsananta ranar da gari ya bushe ana ƴar iska. In akwai zazzaɓi, a je a yi gwajin jini, kada a ce bununi ne. Haka nan murar hunturu daban take. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, yana busar da hanci ya farfasa shi, kuma kowa yake taɓawa, ko da yake mu masu alerji mun fi jin jiki. A lokacin nan zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, mun san abin da sanƙarau ya yi mana a jihar nan.

Akwai magunguna uku da nake roƙon mutane su yi hattara da su. Ƙaramar ƙwayar nan ta mura mai sa barci, kulorfeniramin da danginta, tana tsayar da atishawa da gaske, amma tana kashe jiki. Wani tsohon ɗalibina ɗan kabu-kabu ya sha ƙwaya biyu da safe don ya samu ya fita nema, barci ya fizge shi a kan babur da fasinja a baya, Allah Ya kiyaye abin ya tsaya a karayar hannu. Duk mai tuƙi ko mai aiki da inji ya nemi irin waɗanda ba su cika sa barci ba, kamar loratadin ko setirizin, ya kuma fara gwadawa da dare. Sai maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take. Daɗinsa ne tarkonsa, domin in aka wuce kwana uku zuwa biyar ana ɗigawa, hancin yakan koma ya toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya iya barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne deksa, ƙwaya ko allura, da ire-irenta da ake yi wa mutane a ɗakunan da ba na likita ba. Tana kwantar da ciwon kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ya sa ake komawa, amma yawan ta yana jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Haka maganin ɗigon ido mai irin wannan sinadari. Akwai yara da yawa a garin nan masu ido ruwan ƙasa-ƙasa da ke yini suna murza shi, wanda shi ma nau'in alerji ne, ana ce musu apolo ana ɗiga musu abin da aka samu. In aka daɗe ana yi ba da sanin likitan ido ba, yana iya kawo hawan jinin ido ko yana, yaro ya rasa ganinsa a kan ƙaiƙayi.

Abin da ya taimake ni ba mai tsada ba ne. Na farkonsa ma kullum muna yin sa sau biyar: shaƙa ruwa da fyacewa a alwala. In na dawo daga gona ba na jiran lokacin salla, nan take nake wanke fuska da ido, in shaƙa ruwa sosai in fyace. Wanda ya fi shi ne ruwan gishiri, giram 9 a lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Na nanata tafasawa saboda mun san yadda ruwa yake a Damagaram, sau da yawa ba ka san inda ɗan garuwa ya ɗebo ba. Rigar gona ba ta shiga ɗakin kwanana, a zaure nake tuɓe ta. Ina wanke kai kafin in kwanta, domin gashi yana riƙe bununi ya zube a matashi. Na daina shiga cikin hatsi da hantsi a makonnin da yake bununi, in dole ne kuwa sai in ja rawani in rufe hanci kamar yadda Buzaye suke yi, ko in sa takunkumin da muka saba da shi lokacin korona. Ciyawar tumaki da a da muke jibgewa a bayan tagar ɗaki na mayar da ita can ƙarshen gida. Ranar sussuka da shiƙa ɗiyata ba ta zama inda iska ke kai ƙaiƙayi. Sannan likita ya rubuta mini maganin fesawa a hanci, irin su beklometazon, wanda yake aiki a hancin kawai. Shi ba ya ci nan take, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum, saboda haka ake fara shi mako ɗaya ko biyu kafin lokacin ya zo. Mutane da yawa sukan fesa sau biyu su ce ba ya aiki su jefar. Mai ciki da ƙaramin yaro kuwa kada a ba su komai sai an tambayi likita.

Kada a raina ciwon don ba ya kwantar da mutum. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma da yawa daga masu wannan mura suna da asma ko suna kan hanyar samunta. A birnin Melbon na Ostareliya, a watan Nuwamban 2016, hadari ya taso a lokacin da ciyawa ke fure, danshi ya farfasa bununin ya zama ƙanana har suka shige huhu, dubban mutane suka cika asibitoci a dare ɗaya, mutum 10 suka rasu. Ni ma na ga irin nawa a gida. Wani dare a watan Satumba, bayan iskar hadari, na ji numfashin ɗiyata yana fito kamar ana busa sarewa, tana zaune ta dafa gwiwa, ba ta iya haɗa kalma uku. Uwarta tana salati, ni ina neman wanda zai ɗauke mu. Allah Ya sa muka isa asibiti da wuri. Tun daga ranar abin shaƙarta yana cikin jakar lakwal ɗinta. Duk yaron da murar kakarsa ke zuwa da tarin dare ko fito a ƙirji, a kai shi a duba shi tun kafin irin wannan dare.

Roƙona ga gidajen rediyonmu shi ne su gayyato likita ko majo a watan Agusta ya yi wannan bayani da Hausa, ya kira abin da sunan da manomi ya sani, domin in aka ce bununi kowa zai gane. Ga ƴan uwana malamai, a sa a nome ciyawar harabar lakwal kafin yara su dawo a Oktoba, kuma in kun ga yaro yana gyangyaɗi a aji da jan ido da tsumma a hannu, ku tambaye shi yadda ya kwana kafin ku ɗaga bulala. Ina kuma fata malaman Jami'ar André Salifou za su sa ɗalibansu su riƙa ƙirga bununin da ke iskar garin nan wata bayan wata, a fitar mana da jadawalin lokacin kowane tsiro, yadda mai ciwon zai san ranar da zai fara shiri. Abin da muka yi da gilashi da basilin a kan katanga, su da kayan aikinsu za su yi wanda ya fi shi sau ɗari.

Iyaye kuma, don Allah, yaron da yake atishawa a bakin gona a ba shi wani aikin na ƴan makonnin nan, ko kiwo ko ɗiban ruwa ko kai abinci da rana ta take. Ni Baba bai rasu ba sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin nan duka, a ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gonar. Ya daɗe yana jujjuya zangarniya a hannunsa, ya kaɗa ta a tafinsa ya dubi garin, sannan ya ce, "Ashe na ɗauki alhakinka." Na ce babu komai, Baba, ba ka sani ba ne.

Na riga na sayo maganin fesawata da na ɗiyata, gobe in Allah Ya kai mu za mu fara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kwaleji,
Unguwar Birni, Damagaram.